Matakala tara da fitila huɗu

Ina tsakiyar layi abin ya rutsa da ni, jakar aiki a kafaɗa, makulli a hannu. Ba ƙara, ba gargaɗi, duhu kawai na ga ya rufto daga farkon layi har ƙarshensa. Abin da ya kuɓuce daga bakina shi ne "An ɗauke!", sai ka ce a Gwammaja nake. Sai da na hango hasken talabijin yana wasa a labulen wani gida sannan hankalina ya dawo jikina, na tuna a Ingila nake, kuma a nan ba a ɗauke wuta haka siddan. Na duba waya, ƙarfe ɗaya na dare cif.

Na zo ƙasar nan a 2022, cikin ayarin masu aikin kula da tsofaffi da aka buɗe wa ƙofar biza a watan Fabrairun shekarar. Gidan da nake aiki yana da zangon rabin dare, daga shida na yamma zuwa sha biyu da rabi, kuma shi na zaɓa kwana uku a mako don in samu kai yara makaranta da safe. Idan mun tashi, wata abokiyar aiki ce take rage mini hanya a motarta zuwa babban titi. Daga nan tafiyar minti bakwai ce: in miƙe wani dogon layi, in shiga lungun da ya ratsa ta bayan gidaje, in sauka matakala, in ɓulla ɗan layinmu na ƙasa. Shekara guda ina bin hanyar nan ban taɓa ƙirga matakalar ba. Sai da aka fara kashe fitilu a ƙarshen Oktoban 2023 na san tara ce.

Wani zai ce, ke da kika tashi a Kano, duhu ne zai ba ki tsoro? Ni ma na yi wa kaina wannan dariyar. Amma duhun gida da mutane a cikinsa. Ƙarfe ɗayan dare a unguwarmu mai shayi bai tashi ba, rediyonsa na ta magana, aci-balbal ɗin mai tsire na ci, janareton wani alhaji na ruri, 'yan sintiri na busa usur a bakin layi. In ka yi tuntuɓe akwai mai ce maka sannu, in ka yi ihu akwai mai fitowa da taɓarya. Duhun nan kuwa fayau yake. Ƙofofi a garƙame, tagogi masu gilashi ninki biyu da ko ihu ba ya ratsa su. Motsin da za ka ji sai na dilan cikin gari yana binciken kwandon shara, shi ma da ya ga mutum ya yi gaba. Mutanenmu suka ce dare rigar mugu. A nan ko mugun ba ka gani, tunaninsa ne kawai yake bin ka a baya har ƙofar gida.

Washegari na ɗauka lalacewa ce. Wata 'yar uwa ta nuna mini shafin FixMyStreet, inda ake kai rahoton rami a titi ko fitilar da ta mutu, shi kuma ya tura wa hukumar da abin ya shafa. Kowane turken fitila a nan da lamba a jikinsa, don haka da rana na bi su ɗai-ɗai ina kwafa a bayan takardar cefane. Goma sha ɗaya na ƙirga daga babban titi zuwa ƙofarmu. Na shigar da su duka, har ina jin na yi wa unguwa aikin lada. Bayan kwana biyu amsa ta zo, ba ta wuce layi uku ba: fitilun lafiyarsu ƙalau, majalisar gari ce ta yanke shawarar a riƙa kashe na unguwannin zama daga ƙarfe 1 zuwa 5 na asuba, kuma an nemi jin ra'ayin jama'a tun watannin baya. An rufe rahoton.

Jin ra'ayin jama'a a ina? Ashe a shafinsu na intanet aka yi shi, sannan aka sa sanarwa a wata 'yar jaridar majalisa da ake jefowa ta ƙofa tare da tallan abinci. Na tuna ta sarai. Da ita na shimfiɗe ƙasan kwandon shara.

Da na ce wa maigida zan bi kadin maganar, sai ya ajiye cokali.

"Hajiya, ki rufa mana asiri. Mu da muke zaune kan biza, me ya haɗa mu da hukuma? Ki sayi tocila."

Na ce, "Malam, harajin gari duk wata ana cire mana, ba a taɓa cewa mu nuna biza ba."

Bai ce komai ba, amma washegari sai ga shi da tocila mai ƙarfi irin ta masu gadi. Shi yake zama da yara idan ina aiki, ba kuma zai bar su su kaɗai ya fito tarona ba, domin a ƙasar nan irin wannan kan jawo wa mutum ziyarar da bai shirya mata ba. Abin da muka tsara shi ne, da na sauka daga mota in kira shi, mu riƙa magana har in iso. Haka na karɓi tocila na bar zancen kusan wata biyu.

Ba ɓarawo ne ya dawo da ni kan maganar ba, ƙanƙara ce. Wani dare a Disamba raɓa ta daskare a ƙasa, waya na kunnena, tocila a ɗaya hannun, ba hannun da zan kama ƙarfen gefe da shi. A matakala ta bakwai na ɗauka na kai ƙasa. Abin da Malam ya ji ta waya shi ne salati da ƙarar tocila tana gangarawa. Na zauna a ƙasa mai sanyi na kai minti biyar, ƙafa ta ƙi ɗaukata, gidaje kewaye da ni amma ko labule ɗaya bai motsa ba. Targaɗe ne, Allah ya taƙaita. Sai dai mako guda ban je aiki ba, kuma a ƙa'idar lokacin kwana ukun farko na rashin lafiya ba a biyan ko kwabo. Ranar da na fara takawa, Malam da kansa ya ce, "To wa ake gani a kan irin wannan?"

Kansila ake gani. Kowace mazaɓa da kansilolinta, kuma suna da ranar zaman karɓar koke, wanda sunan da suke kiran sa, "surgery", ɗaya ne da na ɗakin ganin likita. Tamu a laburaren unguwa take zama ranar Asabar da safe. Na yi kwalliyata ta ganin manya, na je ina tsammanin layi da 'yan kore. Sai na tarar da dattijuwa ita kaɗai a kan kujerar roba, da fulas ɗin shayi da littafin rubutu. Ta saurare ni har na gama, har da nuna mata hoton ƙafar da ta kumbura, sannan ta fara yi mini bayanin da ban so ji ba.

Na farko, dokar manyan hanyoyi ta 1980 ta ba hukuma ikon sanya fitila a titi ne, ba ta wajabta mata ba. Wato ba haƙƙina aka danne ba a idon doka. Na biyu, kuɗi. Tun da Rasha ta shiga Yukren a 2022 farashin lantarki ya yi tashin gwauron zabi, majalisu kuwa dama a jigace suke. Birmingham, gari na biyu a girma a ƙasar, ta fito a Satumban 2023 ta ce kuɗinta ba zai rufe abin da za ta kashe ba, Nottingham ta bi bayanta a Nuwamba. Kuma ba garinmu ne ya fara ba: a gundumar Essex an yi shekaru ana kashewa, har majalisar garin Harlow da ke cikinta ta ɗauki nauyin biyan kuɗin daga aljihunta a 2015 don a bar nata a kunne. Sai ta tambaye ni aikina. Da na faɗa mata, ta yi wani ɗan murmushi ta ce ai kula da tsofaffi da yara shi yake cinye mafi yawan kasafinsu, shi kuwa doka ta wajabta. Na yi shiru. Yawancin tsofaffin da nake wa wanka majalisa ce ke biya musu. Ashe da asusun da ake biyan albashina da wanda ake biyan wutar layinmu duk ɗaya ne, an rufe wata ƙofa ne don a bar tawa a buɗe.

Ta miƙo mini takarda mai shafi biyu, taƙaitaccen wani bincike da Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta fitar a 2015 tare da jami'ar UCL, ita ma ta Landan. Sun tattara bayanan hukumomi 62 a Ingila da Wales, inda aka kashe fitilu gaba ɗaya, ko ake kashe su rabin dare, ko aka rage musu haske, suka duba haɗarin mota da laifuka. Ba su ga shaidar cewa ko ɗaya ya ƙaru ba. Na koma gida da niyyar in nemo inda suka yi ƙarya, sai na tarar da abin da ya fi ba ni haushi. Wani binciken na 2022 a yankin Thames Valley da ke kudancin Ingila ya nuna satar kaya daga cikin motoci ta ragu kusan da rabi a layukan da ake kashe wa fitila, ta ƙaru kuma a layukan kusa masu haske. Ashe shi ma ɓarawon ba ya son duhu. Sai ya leƙa ya ga abin da ke kan kujera, in kuma ya kunna tocila ya tona wa kansa asiri. Guda ɗaya na samu da ke bayana, gwajin da aka yi a New York a 2016, inda aka kafa manyan fitilu a rukunin gidajen gwamnati, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin ɗari. Amma can wurare ne da laifi ya riga ya yi katutu, ba irin layinmu na 'yan fansho ba.

Har yau ban ƙaryata binciken ba. Rigimata da shi ita ce, abin da ya faru kawai yake iya ƙirgawa. A wurin aikinmu mata biyu sun ajiye zangon rabin dare bayan an fara kashe fitilu, sun haƙura da kuɗinsa. Wata ta koma hawa tasi, fam bakwai kowane dare, alhali a lokacin fam 10.42 ake biyan mu a awa. Ba wadda aka tare a cikinsu, ba wadda aka ƙwace wa jaka. A littafin 'yan sanda layukansu lafiya lau suke, kuma wani ɓangare na wannan lafiyar su suka saye ta da zamansu a gida da kuɗin aljihunsu. Na faɗa wa kansila haka a zama na biyu. Ta ce gaskiya ne, amma ba za ta kunna mini ko fitila ɗaya ba. Sannan ta ba ni shawarar da ta juya komai: "Kada ki tambaye su dalilin kashewa, suna da amsa a rubuce. Ki tambaye su waɗanne ne ba su kashe ba, da dalili."

A nan akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2000. Kowa na iya rubuta wa hukuma tambaya, ba sai ɗan ƙasa ba, ba sai ya faɗi abin da zai yi da amsar ba, kuma dole a amsa cikin kwana 20 na aiki. Na zauna na rubuta tambaya uku gajeru ta imel: waɗanne sharuɗɗa ake bi a bar fitila a kunne, wace taswira aka yi amfani da ita a unguwarmu, kuma wa ya zo ya duba da ido. A rana ta 19 amsa ta iso.

Sharuɗɗan suna nan a jere. Ba a kashe ta tsakiyar gari, ko inda kyamarorin tsaro suke, ko shataletale da manyan mahaɗu, ko wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, ko titin da ke da tudun rage gudu, ko kusa da asibiti, ko inda 'yan sanda suka ce laifi ya yi yawa. Can ƙasa kuma sai ga guda biyu da suka sa na miƙe tsaye da wayar a hannu: hanyar ƙafa mai matakala, da rukunin gidajen tsofaffi masu mai kula. Na buɗe taswirar. Lungunmu an zana shi layi ne siriri miƙaƙƙe, ba alamar matakala. Ƙananan gidajen tsofaffi takwas da ke ƙarshen layinmu kuwa, da yake wata ƙungiyar gidaje ce ke riƙe da su ba majalisa ba, ba su shiga lissafi ba. Amsar tambaya ta uku ita ce, daga ofis aka yi tantancewar. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan karon ba ni kaɗai ke cikinsa ba.

Ta ɓangaren 'yan sanda ban samu komai ba, zan faɗa a taƙaice. Bayan kisan Sarah Everard a watan Maris na 2021, wadda wani ɗan sanda mai ci ya sace a Landan tana tafiya gida da dare, gwamnati ta ninka asusun gyaran tsaron tituna zuwa fam miliyan 45, aka kuma buɗe shafin StreetSafe inda mutum zai nuna a taswira wurin da yake jin tsoro ba tare da ya faɗi sunansa ba. Na nuna lungunmu, na sa maƙwabta uku suka nuna. Wani matashin jami'in unguwa ya zo har gida, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da na ce ba, ya sha shayi, ya ce gaskiya rahoton laifi a layinmu bai ƙaru ba, ba kuma zai rubuta abin da babu ba. Sai ya tambaye ni ko na kai rahoton faɗuwata wani wuri. Ban kai ba. Man zafi na shafa na ɗaure da ɗankwali. A daren na rubuta wa majalisa labarin da kwanan wata da hoto, domin a ƙasar nan abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne.

Saura takardar koke. Na buga fom mai wurin suna da adireshi da sa hannu, na fara bi gida-gida da yamma a watan Fabrairu, cikin sanyin da biro ke ƙin rubutu. Wanda bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Bature da lulluɓi da takarda a hannu ba, bai san kallon tuhuma ba. Wasu ta kyamarar ƙofa suka sallame ni. Wasu da sun ji "fitila" sai fuska ta saki, har a ce in shigo. A gidajen tsofaffin nan takwas, bakwai suka sa hannu, wata ta riƙe ni kusan awa guda tana ba ni labarin daren da motar asibiti ta zo ɗaukar mijinta, ma'aikatan suka riƙa haska ƙofofi ɗai-ɗai suna neman lambar gida.

Mutum ɗaya ya ƙi sa hannu da hujja, kuma shi na fi tunawa. Dattijo ne da tagar ɗakin kwanansa ke kallon ɗaya daga fitilun lungu. Ya ce shekara talatin yana kwana da hasken nan a fuskarsa, sai yanzu ya san barci. Ya ce jemagu sun dawo bayan gidansa. Yana da madubin hangen taurari, ya ce in daure in ɗaga kai sama daren da na dawo aiki. Na fita ina ƙunƙuni, a raina ina cewa mai ƙoshi bai san da mai yunwa ba. Amma na ɗaga kan. Can yamma, ƙasa-ƙasa, sai ga Kaza da 'ya'yanta, rabona da su tun ina kwana a tsakar gidan kakata a ƙauye. Na tsaya kallo har na manta Malam yana kan waya yana ta "Hajiya, lafiya?"

Azumi ne ya cika mini takarda. An ɗauka ranar 11 ga Maris 2024, kuma lokacin sahur da fita Asuba ya faɗa cikin awannin da ake kashewa. Da goman ƙarshe ta shigo, masu tahajjud wajen ƙarfe uku suke tashi daga masallaci, dattawan Fakistan da Somaliya da Bangaladash suna laluben hanya da hasken waya. Malam ya yi wa liman magana, aka yi sanarwa bayan tarawihi, aka ajiye fom kusa da wurin takalma. Shi da ya ce in rufa mana asiri, shi ya riƙa tsayawa a ƙofa da biro uku. Wata abokiyar aikina Bayarabiya ta kai wani fom ɗin cocinsu. Muka haɗa sa hannu 168. Da aka tantance aka soke 31, na waɗanda ba su rubuta cikakken adireshi ba da waɗanda ba mazauna garin ba ne. Wani bawan Allah ma lambar wayarsa ya rubuta a wurin adireshi, ya ƙara da addu'a.

Bayan Sallah na kai, aka ce sai dai in jira. Za a yi zaɓen kansiloli ranar 2 ga Mayu, kuma makonnin da ke gaban zaɓe majalisa ba ta taɓa duk wani abu da zai yi kama da neman ƙuri'a. Tsohon sunan da suke kiran wannan lokaci kalma ce da suka aro daga Indiya, "purdah", wato kulle. Na yi dariya har da riƙe ciki, ni da na baro Kano na zo na tarar da hukuma a kulle. An gama wannan, ana shirin saka mu a jadawali, sai firaminista ya fito ranar 22 ga Mayu ya ce za a yi babban zaɓe 4 ga Yuli. Aka sake shiga wani kullen. Sai bayan nan aka ba ni rana.

Minti uku ake bai wa mai koke a zauren majalisa. Rubutuna na farko da na karanta wa babbar 'yata tana riƙe da agogon waya, minti tara ya ci. Ta ce, "Umma, sai kin yanke." Na cire Kano da mai shayi. Na cire New York. Na cire matan da suka ajiye aiki, da kuɗin tasi, da dattawan tahajjud. Wato duk abin da ya sa na fara wannan tafiya shi na cire, abin da ya rage shi ne lambar sharaɗi, yawan matakala, ranar da na faɗi, da yawan gidajen tsofaffi. Ya yi mini ciwo, amma na riga na ga irin ƙofar da ke buɗewa.

Ranar, shugaban zaman yana sama da sarƙar zinare a wuya, agogo mai jan rubutu yana ƙirga baya a gabana. Muryata ta yi rawa a layin farko, daga nan ta daidaita. Na gama da saura daƙiƙa ashirin. Ban shirya ba, amma na yi amfani da su na ce, duk wanda zai yanke hukunci kan lungun nan, ina roƙon ya zo ya sauka matakalar da ƙarfe ɗaya na dare tukuna. Aka yi mini godiya, aka ce an miƙa wa sashen hanyoyi. Na fito ban san ko an yi ko ba a yi ba.

A Satumba sai ga imel: injiniya zai zo, ƙarfe ɗaya saura kwata, in ina so in raka shi. Muka haɗu a bakin lungu, shi da riga mai ƙyalli da wata 'yar na'urar auna haske, ni da tocila. Kafin lokaci ya cika ya nuna mini wani ɗan kwanso mai kama da gwangwanin madara a saman kowace fitila. Ya ce wannan ne ke magana da kwamfutar ofis ta iska, kuma kowace fitila ana iya ba ta nata umarnin ita kaɗai, ta kashe, ta kunna, ko ta rage haske, ba sai an kawo tsani ba. Ƙarfe ɗaya na bugawa duhu ya rufto. Ya ce in kashe tocila. Ya ajiye na'urarsa a kan matakala, ya duƙa ya duba, ya yi wani sauti a maƙogwaro. Sannan ya fara sauka, hannu ɗaya a kan ƙarfe, yana ƙirgawa a fili. A ta takwas ya miƙa ƙafa kamar ya kai ƙasa, sai da ya rungumi ƙarfen. Ban ce uffan ba. Na kunna tocila na haska masa ta taran.

Wasiƙar ta zo a Oktoba, shekara guda cur da daren farko. Fitila huɗu za su riƙa kwana a kunne da ragaggen haske: biyu na matakala, ɗaya ta bakin lungu, ɗaya ta gaban gidajen tsofaffi. Sauran bakwai na dogon layi ba su cika sharaɗi ba. Injiniyan ya ce mini aikin canza umarnin bai ɗauke shi minti biyu ba. Dattijon taurari ya rubuta nasa koken, aka zo aka sa wa fitilar da ke kallon tagarsa wani ɗan marfi ta baya, yanzu muna gaisawa. Ni kuma har yau daga babban titi zuwa bakin lungu a duhu nake tafiya, minti biyar cikin bakwai, Malam a kunnena. Bambancin shi ne ina hango haske a gabana, kuma idan na zo matakala ina da hannun kama ƙarfe.

Kwanan baya wata yarinya 'yar Zariya da ta fara aiki da mu ta same ni a ɗakin hutu. Unguwarsu ma ana kashewa, ita kuma tafiyarta ta kai minti ashirin. Ta ce, "Anti, don Allah ki turo mini wasiƙar nan da kika rubuta, ni ma in gwada." Na ce wasiƙa ba wuya, amma mu fara zuwa mu ga hanyar. Ranar Lahadi da rana muka bi ta da takardar sharuɗɗan a hannu, muka je muka dawo sau biyu. Ba matakala, ba tudun rage gudu, ba wurin tsallakawa, ba gidan tsofaffi. Layi ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, gefe ɗaya katangar wata masana'anta da aka rufe, ɗaya gefen filin wasa, fitila goma sha shida a jere. Ta tsaya tana kallon takardar, ta juya bayanta ko akwai ci gaba. Da za mu rabu na ciro tocilar Malam daga jaka na ba ta, tunda ni na sayi wata ƙarama, na ce ta riƙa yi mata caji duk bayan kwana biyu, batirin ya fara sanyi.